Tafiya a Gefen Dogo: Daga Kafanchan Zuwa Manchok

Kafanchan gari ne a kudancin Jihar Kaduna wanda jirgin ƙasa ya raya shi. A shekarar 1927 layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya ratsa ta nan ya nufi Kaduna, aka kuma fitar da reshe guda zuwa Jos domin ɗauko kuza. Da haka garin ya zama mahaɗa, ma'aikata da 'yan kasuwa suka zo daga sassa daban-daban na Nijeriya suka zauna tare da mutanen Fantswam, 'yan asalin wurin.

Reshen Jos shi ne ya bi ta gindin duwatsu. Daga Kafanchan sai Kagoro, wadda ke ƙarƙashin wani dogon dutse, inda Agworok ke bikin Afan a ranar 1 ga Janairu kowace shekara. Daga nan sai Manchok, garin Moro'a, kafin layin ya fara hawan tsaunin Filato. Shekaru da dama ke nan jirage sun yi ƙaranci ƙwarai a wannan layi, amma hanyar ba ta mutu ba. Manoma na bin gefenta zuwa gona da fartanya a kafaɗa, mata na bi da kayan kasuwa a ka, 'yan makaranta su ma nan suke yanke hanya.

Me ya sa mutum zai bar titin mota ya bi dogo? Amsar tana cikin yadda ake gina shi. Ƙafar jirgi ƙarfe ce, kuma a kan ƙarfe take gudu, saboda haka santsi yake hana shi hawan tudu mai tsauri. Dole masu shimfiɗa layi su nemi wurin da ƙasa ke tashi sannu a hankali. In suka ci karo da tudu sai su fasa shi ko su kewaye shi, in kwari ne su cike shi da ƙasa, in rafi ne su ɗora gada. Sakamakon haka, mai tafiya a ƙasa yana samun hanya kusan shimfiɗaɗɗiya a yankin da ko'ina hawa ne da gangara. Da damina kuwa, wadda take da ƙarfi a kudancin Kaduna, tsakuwar da aka zuba ƙarƙashin layin tana tsane ruwa, alhali sauran hanyoyi sun zama taɓo. Sai dai tsakuwar nan ba ta raga wa mai silifa.

A wasu ƙasashe, idan aka daina amfani da layin dogo, akan cire ƙarafan a mayar da wurin hanyar masu tafiya a ƙasa da masu keke. A Ingila an yi haka da tsohon layin da ke tsakanin biranen Biristol da Bat, Amurka ma tana da irin waɗannan hanyoyi masu yawa. Na Kafanchan ya bambanta da su. Ba a cire ƙarafansa ba, kuma har yanzu mallakar Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ne. Masu bin sa aro suke yi.

Wannan bambanci yana da muhimmanci ga mai tafiya. Jirgi ba ya kaucewa, kuma ba ya iya tsayawa nan take, don haka a gefe ake tafiya, ba tsakanin ƙarafa biyu ba. A kan gada babu wurin ratsewa, shi ya sa sai an tsaya an saurara kafin a hau. Cire ƙarfe ko ƙusar dogo kuwa laifi ne da doka ke hukuntawa. A 2021 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin gyara layin gabas, daga Fatakwal zuwa Maiduguri, kuma ta Kafanchan da Kagoro da Manchok wannan layin ya bi.