Olive et Tom: Zanen Japan da ya raini yaran New Bell

In kana so ka ga magidanci ɗan shekara 40 ya koma yaro a New Bell, ambata masa "Olive et Tom". Nan take zai hau ba ka labarin filin ƙwallon nan da ba ya ƙarewa, wanda ɗan wasa zai yi ta sheƙa gudu a kai har shirin ranar ya ƙare bai hango raga ba.

Asalinsa littafin zane ne. Wani ɗan Japan, Yoichi Takahashi, ya fara fitar da shi a mujallar Weekly Shonen Jump a 1981 da sunan Captain Tsubasa, bayan gasar cin kofin duniya ta 1978 ta sa masa son ƙwallo. A 1983 aka mai da shi katun na talabijin mai kashi 128, a 1988 kuma aka fara nuna shi da Faransanci.

Ya iso mana a kan gaɓa. Tele ba ta daɗe da zuwa Kamaru ba, sai a 1985, ga su Roger Milla sun girgiza duniya a Italiya a 1990. Lokacin ba kowane gida ke da tele ba. Falon maƙwabci ɗaya kan cika da yara, Bahaushe da Bamileke da Basa, wasu a ƙasa, wasu na leƙe ta taga. Da yawa sun sha bulalar malam saboda makara zuwa makarantar allo. Ana gamawa sai lungu: silifa biyu su ne raga, ƙwallon leda, kowa na rantsuwa shi ne Mark Landers mai bugun damisa. A irin lungunan nan Samuel Eto'o ya tashi, shi ma haihuwar 1981.

Sai dai akwai abin lura. Faransawa sun raɗa wa tauraron suna Olivier. Larabawa suka ce Kyaftin Majid, abokin hamayyarsa kuma Bassam, har yaransu suka ɗauke shi ɗan gida. Mu kuwa da bakin wasu muka san shi. A da wannan bai dame mu ba, don ana kashe tele kaka za ta ɗora da gatanan gatananku. Yau fa? Yaro na lekol da Faransanci, wayar hannunsa Faransanci, a gaishe shi da Hausa ya amsa da "ça va".

A Afrilun 2024 Takahashi ya daina buga labarin a mujalla, bayan shekara 43. Masu fassara a Kano sun riga sun sa jaruman Indiya magana da Hausa, manya na ta kallo. Saura yara. Ko a nemi izini a fassara musu irin su Majid, ko masu zanenmu su fito da nasu gwarzon, ɗan Kartiye Hausa, mai tashi daga allo ya nufi fili.