Tarihin Layin Dogo na Baro Zuwa Kano

Jama'a da yawa suna zaton layin dogon da ya fara isowa Kano daga Ikko ya taso. A haƙiƙa, daga Baro ya taso, wani gari a bakin Kogin Kwara cikin Jihar Neja ta yanzu.

An soma aikin a shekarar 1907, zamanin Gwamna Percy Girouard. Manufar Turawa ita ce jirgin ƙasa ya kwashe audugar Arewa zuwa Baro, daga can jiragen ruwa su gangara da ita bakin teku. Layin ya bi ta Minna da Kaduna da Zariya, ya iso Kano a 1911, lokacin Sarki Abbas. An gina tashar a wajen ganuwa, gabas da birni.

Sai dai manomanmu sun ga gyaɗa ta fi auduga riba, saboda haka daga 1912 ita ce ta riƙa cika taragai. Daga wannan ciniki aka samu dalar gyaɗa da attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Ayarin raƙuma da ke kawo haja daga Tarabulus zuwa Kasuwar Kurmi kuwa sai ya ja baya.

Baro ba ta daɗe tana cin moriyar abin ba. A 1912 aka haɗa layin Ikko da wannan layi a Minna, a 1916 kuma aka kammala gadar Jebba. Tun da ruwan Kwara yakan janye da rani har manyan jirage su kasa isowa Baro, 'yan kasuwa suka gwammace hanyar Ikko. Sannu a hankali reshen Baro zuwa Minna ya mutu, ciyawa ta rufe shi.

Darasin a nan shi ne, kaya ke raya layin dogo, jama'a kuma ke tsare shi. A 2021 aka ƙaddamar da aikin sababbin layuka daga Kano zuwa Kaduna da kuma zuwa Maraɗi. Don haka muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai da dagatai da masu unguwanni su faɗakar da jama'a su guji kwance ƙarafan layi, da yin gini ko noma a kansa. Duk wanda ya ga ana ɓarna, ya sanar da hukuma mafi kusa.

Allah Ya ba mu ikon kiyayewa, amin.