Goshin 'Yan Klingon: Yadda Fasaha Ta Hura Wutar Gardama Tsakanin Masoyan Star Trek

A shekarar 1967 ne masu kallon Star Trek suka fara ganin 'yan Klingon, mayaƙan wata duniya da ba sa ga-maciji da Kyaftin Kirk da jama'arsa. A lokacin kusan babu abin da ya bambanta su da ɗan Adam: an shafa musu hoda mai duhu, an ƙara musu gira da gashin baki, shi ke nan. Da fim ɗin farko na sinima ya fito a 1979, sai ga su da goshi mai tudu-tudu kamar bayan kada, kuma babu wanda ya ce uffan a cikin labarin.

Dalilin a fili yake. Fim ɗin ya samu kuɗin da shirin talabijin bai taɓa gani ba, fasahar kwalliyar fuska kuma ta ci gaba. Amma wannan amsa ba ta gamsar da masoya ba. Tambayarsu ita ce: a cikin labarin, me ya faru da goshin? Sun shafe shekara 26 suna jiran amsa.

Me ake nufi da kanon?

Masoya na kiran abin da aka amince ya faru a cikin labari da suna kanon, wato ingantaccen tarihin wannan duniya ta ƙirƙira. A Star Trek, ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce abin da aka nuna a talabijin ko sinima shi ne tarihi, littattafai da wasannin kwamfuta kuwa ƙari ne kawai. Shi ya sa shafin Memory Alpha, wanda masoya suka kafa a 2003, yake tattara abin da aka gani a allo, sannan aka ware wani daban mai suna Memory Beta domin littattafai da makamantansu.

Masu shirin sun fara taɓa batun goshin a 1996, lokacin cikar Star Trek shekara 30. Sun yi amfani da kwamfuta suka saka 'yan wasan Deep Space Nine a cikin wani tsohon kashi na 1967. Nan aka ga Worf, ɗan Klingon mai tudun goshi, zaune kusa da kakanninsa masu sumul ɗin goshi. Da abokansa suka tambaye shi, sai ya ce magana ce da ba sa yi da bare. Sai a 2005 shirin Enterprise ya ware kashi biyu ya bayyana cewa wata cuta ce da ta samo asali daga gwajin sauya ƙwayoyin halitta ta shafe musu tudun.

Lokacin da jiya ta fi gobe wayewa

Ƙura ba ta daɗe da lafawa ba. A 2017 aka fara Star Trek: Discovery, wanda labarinsa ke faruwa kimanin shekara goma kafin zamanin Kirk. 'Yan Klingon suka sake kamanni, wannan karon ko gashi babu a kansu. Babbar matsalar kuma ita ce na'urori. Jirgin Kirk na 1966 cike yake da maɓallai masu launi da ƙananan fitilu masu ƙyaftawa, amma jirgin da aka nuna a zamanin da ya gabaci na Kirk yana da allunan taɓawa, jami'ansa kuma suna magana da hoton mutum mai tsayuwa a tsakiyar ɗaki.

A nan masoya suka rabu biyu. Wasu na ganin ba zai yiwu a nuna wa mai kallon da ke riƙe da wayar zamani na'urar da ba ta kai tasa ba, a ce masa ita ce ta ƙarni na 23. Hujjarsu na da ƙarfi: na'urar sadarwar Kirk mai buɗewa ta zama abin kasuwa tun 1996 da Motorola ta fitar da StarTAC. Ɗaya ɓangaren kuwa na cewa idan har kowane sabon shiri zai rushe abin da ya tarar, to babu amfanin a ce labari ɗaya ne.

Masu shirin sun ji koken. A zango na biyu, a 2019, gashin 'yan Klingon ya dawo, aka ce aske shi suke yi a lokacin yaƙi. Kyaftin Pike ya ba da umarnin cire na'urar hoton nan daga jirgin Enterprise. A ƙarshe aka tura jirgin Discovery kimanin shekara 930 zuwa gaba, inda babu tarihin da zai ci karo da shi.

Me ya sa gardamar ta yi zafi yanzu?

Mai kallo a 1967 sau ɗaya yake ganin kashi, sai kuma in tashar ta maimaita. Abin da ya manta ya tafi. Kaset ɗin bidiyo ya ba shi damar dawo da hoto baya, faifan DVD ya ƙara masa tsabta, yanzu kuma manhajojin kallo sun ajiye masa ɗaruruwan kashi a aljihu. Cikin minti biyu zai ɗauki hoton allo na 1967 da na 2017, ya jera su a shafin sada zumunta. Kuskuren da a da marubuci zai sha da shi, yau kafin gari ya waye an bankaɗo shi.

Kamfanoni ma sun gane akwai kuɗi a ciki. Lucasfilm na da rumbun bayanai mai suna Holocron domin bin diddigin tarihin Star Wars. Bayan Disney ta sayi kamfanin a 2012 kan kusan dala biliyan 4, sai a Afrilun 2014 aka sanar cewa littattafan da aka shafe shekaru ana wallafawa sun fita daga kanon, aka laƙaba musu suna Legends. Wanda ya kashe kuɗinsa da ƙuruciyarsa yana karanta su ya wayi gari an ce abin da ya sani bai faru ba. Daga baya kamfanin ya riƙa tsintar abin da ya ga zai karɓu, kamar Thrawn na littafin Timothy Zahn na 1991, wanda ya dawo a shirin Rebels a 2016.

Tarihin da aka tsinto a Jos

Shirin Doctor Who na BBC, wanda aka fara a 1963, matsalarsa daban ce: wani ɓangare na tarihinsa ya ɓace ɗungurungum, domin a wancan zamani akan goge kaset a sake ɗaukar wani abu a kansa. Kwafin da aka sayar wa tashoshin ƙasashen waje ne suka ceci wasu. A 2013 aka sanar da gano kashi tara da suka ɓace a wata tashar talabijin da ke Jos, daga labaran The Enemy of the World da The Web of Fear. Masoyan da suka shafe shekaru da sauti da hotuna kawai suka samu damar gani da idonsu.

Duk da haka BBC ba ta taɓa fitar da wani jerin kanon a hukumance ba. Shi ya sa a 2020, da wani kashi ya nuna cewa Dokta ya yi wasu rayuwa kafin wanda kowa ya sani a matsayin na farko, masu suka suka ce an rushe tarihin shekara 57, masu goyon baya kuwa suka zaƙulo wani kashi na 1976 da ya nuna wasu baƙin fuskoki, suka ce ga shaida tun tuni. Kowane ɓangare da hoton allonsa a hannu, kuma har yau babu wanda ya sauka daga kan bakansa.