WANE NE MAYE A GIDANMU?

Karatu: Ayuba 1:6-12, Titus 2:3, 1 Korantiyawa 16:15

 

Yawancinmu ba Hausa muka sha a nono ba. A gida Gbagyi muke yi, ko Koro, ko Kadara, ko Nufanci. Amma da Hausa muke ciniki, da ita kuma muke karanta Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara buga shi cikakke da Hausa a 1932. Saboda haka wata kalma takan shigo gidanmu ba mu auna nauyinta ba. Yau za mu auna kalmomi biyu, wato "maye" da "shaiɗan".

MAYE GUDA UKU

In ka zauna wurin masu doya a kasuwar Paiko ran Jumma'a, za ka ji kalmar nan ta fuska uku.

Na fari, maye mai maita. Macen mayya, jam'insu mayu. Shi ne ake cewa yana da ƙanƙara a ciki, yana kama kurwar mutum ya ci. Wannan suna ne mai ban tsoro, wanda aka liƙa masa kuwa ko ruwa ba a karɓa daga hannunsa.

Na biyu, mayen abu. Ana cewa wane mayen ƙwallo ne, wance mayyar tsabta ce, yaron nan mayen karatu ne. Ba zagi ba ne, wani lokaci ma yabo ne. Ma'anarsa mutum ya nace wa abu, ba ya rabuwa da shi.

Na uku, maye na buguwa, kamar yadda muke cewa kayan maye. A baki karin murya ya bambanta shi da na fari, amma a rubuce ɗaya suke. Mai yinsa shi ne mashayi, ko ɗan ƙwaya.

Ku riƙe ukun nan, za mu komo kansu.

SUNAYEN MAGABCI

"Shaiɗan" ta iso Hausa ta hanyar Larabci. A Ibrananci, harshen Tsohon Alkawari, ma'anarta magabci ko mai kai ƙara. Haka muka gan shi a Ayuba sura 1 da 2, yana tsaye gaban Allah yana sukar mutumin kirki, wai don abin duniya yake tsoron Allah. A Zakariya 3:1 ma ƙarar babban firist Yoshuwa ya zo kaiwa. Wahayin Yahaya 12:10 ya kira shi mai ƙarar 'yan'uwa.

Inda Hausa ta ce "Iblis", Helenanci na Sabon Alkawari ya ce diyabolos, wato mai yanke, mai ɓata suna. To, ga abin lura. Manzo Bulus ya ɗauki kalmar nan ya ɗora wa mutane. A 1 Timoti 3:11 da 2 Timoti 3:3 da Titus 2:3, inda yake tsawata wa masu tsegumi da yanke, kalmar da ya rubuta ita ce sunan Iblis. Ashe duk mai ɓata sunan ɗan'uwansa ya ari rigar Iblis ya sa.

Aljannu kuwa, ko baƙaƙen iskoki, su ne barorinsa, waɗanda Yesu ya fitar daga mutane. Hausa kuma takan sassauta kalmar, a ce shaiɗanin yaro, ana nufin mai ƙiriniya ko wayo. Iyaye, mu daina kiran 'ya'yanmu haka. Yaro yakan girma ya cika rigar da aka ɗinka masa.

YATSAN DA MUKE NUNAWA

Mun sha zama a gidajen masu bi inda yaro ya kwanta da zazzaɓi, jiki ya yi zafi, ya fara sambatu ya ambaci sunan wata tsohuwa. Kafin gari ya waye magana ta zaga unguwa. Sai a jawo tsohuwar, a ce ta tsallake yaron ta sake kurwarsa. Sau da yawa gwauruwa ce wadda ba ta da mai tsaya mata. Wani lokaci ma 'yar zumuntar mata ce, wadda muka ci Jibin Ubangiji tare da ita. Yaron kuwa zazzaɓin cizon sauro ne ya hau masa kai, lokacin da ya kamata a kai shi asibiti ya ƙare wajen shari'ar maita.

Ba mu ce babu ikon duhu ba. Littafi ya hana sihiri da duba sarai a Maimaitawar Shari'a 18:10-12 da Galatiyawa 5:20. Amma ku bincika Linjila. A Markus sura 5 Yesu ya fitar da aljannu masu yawa daga mutum guda, bai tambayi wanda ya turo su ba. Ba inda ya warkar da mai ciwo sa'an nan ya nuna wata maƙwabciya. Shari'ar Allah ta ce sai da shaidu biyu ko uku magana take tabbata. Mafarki ba shaida ba ne, sambatun mai zazzaɓi ma ba shaida ba ne. Dokar Nijeriya ita ma ta ɗauki zargin mutum da maita a matsayin laifi.

To, a daren nan wa ya yi aikin mai kai ƙara? Tsohuwar, ko mu?

MAI CIN 'YA'YANMU DA RANA TSAKA

Muna neman maye cikin duhu, ga shi kuwa a aljihun ɗanmu. Binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da ƙwaya cikin shekara guda. A watan Mayu na 2018 gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, saboda yadda matasa suka mai da shi abin sha. Ga tiramadol, ga wiwi, ga burkutu da ogogoro. Saurayi ya sha ƙwaya don ya yi kunyar doya da yawa ko ya kwana a kan babur, bayan shekara biyu ƙwayar ce take noma shi. Manzo Bitrus ya koya mana a 2 Bitrus 2:19 cewa duk abin da ya rinjayi mutum ya mai da shi bawa. Hausawa sun ce in maye ya ci ya manta, uwar ɗa ba ta mantawa. Iyaye mata da yawa a ikkilisiyoyinmu sun san wannan kuka.

Mashayi ba shaiɗan ba ne, kamamme ne. Kada a kore shi, kada a ɗaure shi da mari. A yi masa addu'a, a kai shi wurin likita, dattawan ikkilisiya su riƙe shi kusa.

MAITA MAI KYAU

Saura ma'ana ta biyu. A 1 Korantiyawa 16:15 Bulus ya yabi mutanen gidan Istifanas, domin sun ba da kansu ɗungum ga yi wa tsarkaka hidima. Tsohuwar fassarar Turanci ta 1611 ta sa musu kalmar da yau ake faɗa wa wanda ƙwaya ta kama. Da a Paiko suke, da mun ce mayun hidima ne. Zuciya ba ta zama wofi. In ba ta nace wa Almasihu ba, za ta nace wa wani abu.

DON TATTAUNAWA A GIDA

1. Akwai wanda gidanmu ya taɓa kira maye? Yaushe za mu je neman gafara?
2. Wane abu ne ya rinjaye ni har ba na iya kwana ba tare da shi ba?

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka tsare bakinmu daga aikin mai kai ƙara. Ka kwance 'ya'yanmu da suke cikin bauta. Ka sa gidajenmu su zama kamar gidan Istifanas. Cikin sunan Yesu. Amin.