YADDA AKE KOYON KWASHE MAI IDAN YA ZUBE A RUWAN DA YA DASKARE

Ran 17 ga watan Janairu, 2015, wani bututun ɗanyen mai da aka binne a ƙarƙashin Kogin Yellowstone, cikin jihar Montana ta Amurka, ya fashe. Man da ya zube ya kai wajen galan 30,000, watau misalin duro 550. Tsakiyar hunturu ne, kogin ya daskare, saboda haka man ya bi ta ƙarƙashin ƙanƙara ba mai ganinsa, har ya isa wurin da garin Glendive ke jawo ruwan famfo. Mutanen gari suka fara jin wari a ruwan da suke sha. Hukuma ta hana su shansa har kwanaki, aka riƙa kawo musu na kwalba cikin manyan motoci. Ma'aikata sun yi iyakar ƙoƙarinsu, amma abin da suka kwaso na man nan bai kai kashi ɗaya cikin goma ba.

Irin wannan ɓarna ita ce ta sa ƙasashen arewacin duniya, kamar su Kanada da Norwe da Finlan da Amurka, suke fitar da ma'aikatansu kan ƙanƙara a lokacin da sanyi ya fi tsanani, suna koya musu yadda za su yi ran da mai ya zube. Mun ga ya kamata mu bayyana wa masu karatu yadda wannan horo yake, gama akwai abin lura a cikinsa ga duk wanda aka damƙa wa amanar wani aiki.

ABIN DA ƘANƘARA KE YI WA MAI

Mu a nan, ƙanƙarar da muka sani ita ce wadda kan faɗo tare da ruwan sama kamar tsakuwa, ko kuwa wadda ake sanyaya ruwan sha da ita. Can kuwa koguna da tafkuna, har da teku kanta, su kan daskare. A gaɓar Alaska ta arewa kaurin ƙanƙarar teku ya kan kai ƙafa 5 ko 6, har manyan motoci su bi ta kai. A garin Utqiagvik na can, in rana ta faɗi cikin watan Nuwamba ba ta sake fitowa sai an yi fiye da kwana 60.

In mai ya zube a ruwan da bai daskare ba, dabarar da aka saba ita ce a kewaye shi da wani dogon shinge na roba mai yawo a kan ruwa, sa'an nan a kawo inji ya yaɗe shi, kamar yadda ake yaɗe mai a kan nono. To, ƙanƙara ta kan ɓata wannan dabara ta hanya uku. Da fari ta kan ɓoye man, ko a ƙarƙashinta, ko a cikinta, ko a ƙarƙashin dusar ƙanƙara da ta rufe ta. Na biyu, in ta farfashe, manyan ɓaraguzanta su kan yayyaga shingen, ƙanana kuwa su toshe bakin injin. Na uku, sanyi ya kan sa mai ya yi kauri, kamar yadda man shanu ke sandarewa da hunturu, har famfo ya kasa jansa.

Amma fa ƙanƙara ba cuta kaɗai take yi ba. Inda ta cika ruwa ta kan tare man, ta hana shi bazuwa da sauri, ta kuma hana shi isa gaɓa. Sanyi ya kan jinkirta lalacewarsa, ya daɗe yana iya cin wuta. Watau ƙanƙara ta kan ba ma'aikata lokacin da ba su samu a ruwa mai ɗumi. Sai dai wannan lokaci ba ya amfanar kowa sai wanda ya riga ya san abin da zai yi da shi. Dalilin horon ke nan.

DARASI NA FARKO: TSARE RAI

Ba a fara koya wa ɗalibi kome game da mai sai ya san yadda zai tsaya a kan ƙanƙara lafiya. Kafin kowa ya taka, a kan tura mutum biyu, kowanne da rigar hana nutsewa da igiya ɗaure a ƙugu, suna tafe suna huda ƙanƙarar da injin huda, suna auna kaurinta. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce, garau ɗin ƙanƙara mai kaurin inci 4 ta ɗauki mutum a ƙasa, mai inci 8 zuwa 12 ta ɗauki ƙaramar mota, motar kaya matsakaiciya kuwa sai inci 12 zuwa 15. Farar ƙanƙara, wadda dusa ta gauraya da ita, rabin wannan ƙarfi gare ta. A kogi kuma ba a amince wa awon jiya, domin ruwan da ke gudu yana cinta ta ƙasa. Ko a Glendive ma, da yanayi ya ɗan yi ɗumi ƙanƙarar ta yi rauni, wannan ya hana ma'aikata sakewa.

Sa'an nan a koya wa ɗalibi abin da zai yi in ya rufta. Wani shehun malami na Jami'ar Manitoba a Kanada, Gordon Giesbrecht, ya taƙaita shi da lambobi uku: 1, 10, 1. Minti 1 na farko numfashi ya kan ƙwace wa mutum, aikinsa kawai shi ne ya natsu kada ya shaƙi ruwa. Bayan haka yana da misalin minti 10 kafin hannuwansa su mutu, a cikinsu ne zai yi ƙoƙarin fita. In bai fita ba, yana da wajen sa'a 1 kafin sanyi ya sa shi suma. A wurare da yawa a kan yanka rami, a sa ɗalibi ya shiga da rigarsa da igiyarsa, 'yan'uwansa su jawo shi, domin wanda ya taɓa ɗanɗana ruwan nan ba ya ruɗewa kamar baƙo.

NEMAN MAI DA TARE SHI

Darasi na biyu shi ne gano inda man yake. A kan huda ramuka jere-jere daga wannan gaɓa zuwa waccan, a auna zurfin ruwa da saurin gudunsa, a duba ko mai ya taso. Wani lokaci a zura fitila mai ƙarfi a ƙarƙashi, inda mai yake sai a ga duhu ta sama. Akwai kuma na'urar da ake ja a bisa ƙanƙara, tana nuna abin da ke ƙasa. A nan akawu yana da babban aiki. Shi ne ke rubuta lambar kowane rami da kaurinsa da sa'ar da aka auna, ya sa a taswira. In ya yi kuskuren inci biyu, ana iya tura mota inda za ta nutse.

Da an san hanyar da man ke bi, sai a tare shi a gaba. A ja layi a kan ƙanƙara, ba a miƙe ya ƙetare kogin ba, a karkace, ƙarshensa na nufar gaɓa. A sa zarto mai inji a yanka doguwar kwata, a daddatsa ƙanƙarar da ke ciki a ciccire ta. Da yake mai bai kai ruwa nauyi ba, in ya iso kwatar sai ya taso sama, gudun ruwa kuma ya tura shi a hankali har ƙarshenta, inda aka girke inji da tanki. Inda ruwa ke da sauri a kan zura faffaɗan katako a tsaye cikin tsaga, ya zama katanga ta ƙarƙashi mai juya man zuwa inda ake so.

A takarda abin da sauƙi. A kan ƙanƙara ne ɗalibi ke gane cewa zarto ya kan daskare in an ajiye shi jiƙe, tiyon da aka bar ruwa a cikinsa ya kan zama kamar sanda, injin da aka kashe ya kan ƙi tashi, ƙullin igiyar da ya iya yi da hannu tsirara kuma ba ya yiwuwa da safar hannu mai kauri. Kwatar da aka yanka da yamma ta kan toshe kafin safiya. Dole a riƙa canjin ma'aikata akai-akai, wasu na aiki wasu na jin ɗumi a tanti, saboda haka aikin da mutum biyar za su yi da bazara ya kan bukaci ninkinsu. Duk waɗannan ba a koyonsu a aji.

GWAJI DA MAI NA GASKE

Ba a zuba mai a kogi don koyo. Saboda haka gwamnatin Amurka tana da wani ƙaton kududdufi na siminti a garin Leonardo, jihar New Jersey, ana kiransa Ohmsett, tsawonsa ƙafa 667, faɗinsa ƙafa 65. A nan a kan zuba mai na gaske, wani lokaci a jefa ɓaraguzan ƙanƙara, a gwada injuna, a kuma horar da masu aiki da su.

Jefi-jefi kuma hukumomi su kan yarda masana su zuba mai kaɗan a teku don bincike. A hunturun 1974 zuwa 1975 an yi haka a Balaena Bay, arewacin Kanada. Aka ga cewa man da aka zuba a ƙarƙashi, sabuwar ƙanƙara ta kan tsiro ta kulle shi a tsakiya, ya zauna watanni. Da ɗumi ya fara, sai ya biyo ƙananan kafofin da ruwan gishiri ya bari, ya fito sama ya taru a kududdufai, aka cinna masa wuta. A watan Mayu na 2009 cibiyar bincike ta Norwe mai suna SINTEF ta yi wani gwajin a Tekun Barents, gabas da tsibiran Svalbard, inda aka gwada ƙonawa da yaɗewa da fesa maganin da ke tarwatsa mai. A cikin wannan shiri har karnuka aka horar, suka kuwa gano man da aka ɓoye a ƙarƙashin dusar ƙanƙara da sansana kawai.

Ƙonawa ita ce ta fi kawar da mai da yawa. In kaurinsa a kan ruwa ya kai milimita 2 ko 3, kuma bai riga ya gauraya da ruwa ba, wuta ta kan cinye har kashi tara cikin goma. Amma tana ta da baƙin hayaƙi, tana kuma barin ƙamas. Mutanen Inuit da ke zaune a gaɓar tekun nan, daga cikinta suke samun abincinsu, don haka ba a yanke shawarar cinna wuta sai an duba iska, an kuma duba garuruwan da ke kusa.

DABARAR FINLAN

Finlan ƙasa ce wadda a hunturu mai tsanani duk tashoshin jiragen ruwanta su kan daskare, ga kuma jiragen dakon mai na Rasha suna wucewa ta bakin ƙofarta. Mutanenta suka ƙware wajen yin injuna masu burushi. Burushin na juyawa cikin ɓaraguzan ƙanƙara, mai ya manne masa, wani matsefi ya kankare shi zuwa tanki. A watan Maris na 2006 wani jirgin kaya mai suna Runner 4 ya nutse cikin ƙanƙara a mashigin tekun Finlan, mai ya tsiyaye, jiragen Finlan suka gwada injunan nan a aiki na gaske. A 2011 ƙasar ta sami sabon jirgi mai suna Louhi, wanda aka ƙera don kwashe mai har cikin ƙanƙara.

Mai kuwa bai san iyakar ƙasa ba. Ƙasashen da ke kewaye da Tekun Baltik sun ƙulla alkawari a Helsinki tun 1974, jiragensu kan haɗu su yi rawar daji tare, don kowa ya san muryar ɗan'uwansa a rediyo. Da jirgin Godafoss ya hau dutse a kudancin Norwe ran 17 ga Fabrairu, 2011, cikin matsanancin sanyi, jiragen Suwidin sun zo sun taya na Norwe aiki. A 2013 kuma ƙasashe takwas na ƙuryar arewa suka sa hannu a garin Kiruna na Suwidin cewa za su taimaki juna in mai ya zube.

TSADAR RASHIN SHIRI

Wanda ke tambaya ko wannan wahala ta cancanci kuɗinta, sai ya dubi abin da ya auku a Alaska ran 24 ga Maris, 1989. Jirgin Exxon Valdez ya kauce wa hanyarsa don gudun ɓaraguzan ƙanƙara, ya hau dutse, galan miliyan 11 na ɗanyen mai ya zube. Akwai rubutaccen shiri na agaji, amma jirgin da zai kai kayan ba a yi masa lodi ba, wasu kayan ma dusar ƙanƙara ta binne su. Aka yi fiye da sa'a 10 kafin su iso. Kwana uku teku na kwance lafiya, ba a yi abin kirki ba, sai hadari ya taso ya watsa man a gaɓa mai tsawon mil 1,300. An ƙiyasta tsuntsayen teku 250,000 suka mutu. A 1990 Amurka ta kafa sabuwar doka mai tsanani a kan masu dakon mai, ƙasashen duniya kuma suka yi yarjejeniya a London wadda ta wajabta shiri da gwaji.

Ba mu ce horo na mayar da ruwa yadda yake ba. Ko ƙwararru, abin da su kan kwaso da inji kaɗan ne daga abin da ya zube, shi ya sa kula da bututu da jirgi kada su fashe ya fi kome. Amma bambanci tsakanin ɓarna ƙarama da babba ya kan rataya ne a kan sa'o'in farko, da kuma ko mutanen da aka kira sun taɓa riƙe kayan da hannunsu.

Ƙasarmu ba ta da ƙanƙara, amma tana da mai tun da aka same shi a Oloibiri a 1956, tana kuma da bututu da ke bi ta koguna da gonaki. A 2011 rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce gyaran ƙasar Ogoni zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Saboda haka muna roƙon malamai su sa wannan labari cikin darasin labarin ƙasa. Akawuna da masu riƙe da sito kuma, kowa ya buɗe kabad ya duba shirin da aka rubuta don ranar gobara ko ambaliya, ya tambayi kansa yaushe rabon da a fito da kayan a gwada su, kuma wa ya iya aiki da su. Ba a fafe gora ranar tafiya.