Wa ya bar ƙofar NFS a buɗe?

A shekarar 2017 aka gano wata ɓaraka a zuciyar Linux, wato ɓangaren da ke riƙe da memori da faifai da layin sadarwa na kwamfuta. Aka yi mata rajista da lamba CVE-2017-7895. Mutum daga nesa zai iya turo wa sabar NFS saƙon da aka shirya da mugun nufi, ita kuma ta zarce iyakar saƙon tana karanta abin da ba nata ba. NFS kuwa tsohon hannu ne: kamfanin Sun Microsystems ya fito da shi tun tsakiyar shekarun 1980 don kwamfutoci su yi tarayya a kan fayiloli. To yaya aka yi tsarin da ya kwana biyu haka ya kasa sanin inda saƙo ya ƙare?

Zargi na farko ya faɗa kan ƙa'idar shirya saƙon, wadda ake kira XDR. Amma da aka duba, ba ta da laifi. An rubuta ta a takardar RFC 1014 a 1987, aka sabunta a RFC 4506 a 2006, kuma babu kwana-kwana a cikinta. Komai ana jera shi bayit huɗu-huɗu. A ce sunan fayil "rahoto" ne. Za a fara da bayit huɗu masu cewa tsawonsa 6, sai haruffan shida, sai sifiri biyu na ciko don su cika takwas. Shi ke nan.

A nan ne bakin zaren yake. Mai turo saƙo shi ke faɗin tsawon. In ya ce dubu alhali shida ya turo, dole mai karɓa ya auna kafin ya yarda. Kuma a kan kowane suna, kowace lamba, cikin kowane umarni, sai an maimaita wannan awon. A zuciyar Linux kuwa, da hannu aka rubuta wannan aiki cikin harshen C, layi bayan layi. Wanda duk ya taɓa kwafe dogon littafi da alƙalami ya san ido kan tsallake layi. A NFS na biyu da na uku an tsallake awon a wasu wurare.

Sai dai wannan amsa ta haifi tambayar da ta fi damuna. Tun zamanin Sun akwai rpcgen, manhajar da ake ba ta bayanin ƙa'ida ta fitar da kod ɗin C da kanta. Me ya hana a yi amfani da ita? Dalilin shi ne, rpcgen don manhajojin da ke zaune a wajen zuciyar aka gina ta. Kod ɗinta yana jingina da laburaren da babu su a ciki, yana kuma neman memori yadda ya ga dama. Zuciyar kuwa tana ajiye saƙo a warwatse cikin shafukan memori, kuma ba ta son kwafe bayanai ba gaira ba dalili, don hakan yana rage gudu.

Chuck Lever na kamfanin Oracle, mai kula da sabar NFS ta Linux, shi ya warware ƙullin. Da farko ya mayar da tsofaffin masu karanta saƙon kan xdr_stream, wanda ke duba iyaka a kowane taki. Sannan a 2024 ya kawo xdrgen, manhajar da aka rubuta da Python. Tana karanta bayanin XDR irin wanda ake wallafawa tare da ƙa'idar, kamar RFC 5662 na NFS 4.1, ta zuba shi cikin samfuran Jinja2, ta fitar da C irin wanda zuciyar ke karɓa. In aka gyara awo a samfuri ɗaya, aka sake fitarwa, gyaran ya shiga ko'ina. Abin da ya fi burge ni shi ne, kod ɗin da ta fitar ana ajiye shi cikin rumbun Linux, kowa na iya karantawa ya soki abin da bai gamsu da shi ba. An fara da sababbin ƙare-ƙaren NFS na huɗu. Tsohon kod mai yawa yana nan da rubutun hannu, ana bi a hankali.