Haƙorin Makka Da Sauran Kayan Gyaran Haƙori

Duk wanda ya ratsa Kantin Kwari a watan Muharram, sa'ad da alhazai suka gama komowa, ba zai rasa ganin walƙiya a bakin masu saye da masu sayarwa ba. Alhaji ya yi murmushi, sai ka hangi zinariya ko azurfa a gefen haƙoransa na sama, tun bai faɗa ba ka san ya sauke farali. Wannan shi ne haƙorin Makka. Mutanenmu sun ɗauke shi ado da shaida, amma kaɗan ne ke tambaya da wane irin ƙarfe aka yi shi, balle abin da ke faruwa a ƙarƙashinsa bayan 'yan shekaru. Alhali kuwa waɗannan mutane su ne ba a iya cuta a kan yadi. Miƙa wa ɗan Kwari ƙyallen shadda, sai ya murza, ya ɗaga wajen haske, ya gaya maka ko za ta zuba, ko za ta ja in an wanke. To, kayan da likitocin haƙori ke aiki da su, su ma haka ake auna su, kowanne da halinsa da inda ya dace. Abin da nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai ke nan, gama mu ne za mu tsaya gaban yara gobe a darasin kiwon lafiya.

Sai mu fara duba wurin da za a sa kayan, watau baki. Farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne. Ƙarƙashinsa akwai wani ƙashi mai ɗan taushi, can ciki kuma ga jijiya da hanyoyin jini. Fata in ta yanke takan haɗe, ƙashi in ya karye yakan ɗoru, amma ɓawon haƙori in ya tafi ya tafi ke nan, ba ya tsirowa. Abin da ke cinye shi kuwa ba tsutsa ba ce, kamar yadda kakanninmu ke faɗi. Wasu ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, suna cin sauran sukari da ya maƙale, suna fid da tsami, tsamin nan shi ke narka ɓawon har ya yi kogo.

Abin da za a toshe kogon da shi kuwa aiki ja ne a gabansa. Dare da rana yana jiƙe cikin miyau. Turamen babban mutum suna iya danna abu da nauyin da ya kai kilo 50 ko fiye. Ga shayi mai zafi da safe, ga ruwan ƙanƙara da azahar. Kun dai san ƙarfe yana miƙewa da zafi, ya takure da sanyi, shi ya sa ake barin 'yar tazara tsakanin ƙarafan hanyar jirgin ƙasa. Idan ciko ya fi haƙori miƙewa da takurewa, sannu a hankali sai kafa ta buɗe tsakaninsu, tsami ya sami hanya. Bayan wannan duka, lalle ne ya zama ba ya tsatsa, ba shi da dafi, kuma in a gaba ne, kada ya ɓata wa mutum murmushi. Har yau ba a sami abu guda da ya cika waɗannan sharuɗɗa duka ba.

Zinariya ita ce ta fi kusa, kuma an daɗe da sanin haka. Waɗanda suka yi karatun hadisi za su tuna labarin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin Jahiliyya. Ya sa na azurfa ya yi masa wari, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce shi ya yi na zinariya. Da wannan ne malamai da yawa suka kafa hujja cewa namiji yana iya ɗaure haƙorinsa da zinariya in lalura ta kama. Haka kuma Zahrawi, babban likitan Andalus wanda ya rasu wajen 1013, ya bayyana yadda ake ɗaure haƙora masu girgiɗa da waya, ya kuma fifita ta zinariya, don ta azurfa takan ɓaci a baki. Masanan zamani ba su ƙara kome a kan wannan ba sai dalili: miyau da tsamin abinci ba su cin zinariya, miƙewarta da zafi kuma ta yi kusa da ta haƙori.

Amma zinariya tsantsa, mai karat 24, ta cika taushi, tauna kaɗai sai ta lanƙwasa ta. Saboda haka akan gama ta da jan ƙarfe da azurfa, wani lokaci da ɗan filatinum, don ta yi ƙwari. Mai karat 18, alal misali, kashi 75 ne zinariya. Yadda ake ƙera hular haƙori kuma abin sha'awa ne. Akan siffanta ta da kaki daidai da haƙorin mutum, a lulluɓe da wani farin gari mai jure wuta, a gasa har kakin ya ƙone ya bar gurbi, sa'an nan a ɗura narkakkiyar zinariya. Wani likita a Amurka, William Taggart, shi ya yaɗa wannan dabara cikin aikin haƙori a 1907, amma maƙeran tagulla na Ife da Binin sun riga shi da ɗaruruwan shekaru wajen zuba gumakansu.

Ga inda maganar haƙorin Makka ta shigo. Hular da aka zuba bisa awon haƙori takan zauna daram, bakinta ya haɗe da haƙorin ba kafa. Wadda aka ƙera tun da wuri, aka zaɓo daga cikin kwali kamar yadda ake zaɓen zobe, aka ɗosa cikin 'yan mintoci, da wuya ta zauna haka. Abinci sai ya riƙa taruwa a gindinta inda asuwaki ba ya kai, dasashi ya kumbura ya riƙa jini, baki ya yi wari, haƙorin kuwa yana ruɓewa a ɓoye, waje na ƙyalli. In kuma aka goge lafiyayyen haƙori don hular ta shiga, an zub da ɓawon da ba zai komo ba. Ba kuma kowane ja ne zinariya ba. Akwai na tagulla da aka yi wa ruwan zinariya, wanda ke dusashewa ya bar ɗanɗanon ƙarfe a harshe. A ganina, wanda ya ƙi barin a sayar masa da atamfa mai zuba bai kamata ya buɗe baki ga ƙarfen da bai san karat ɗinsa ba. Wanda ya riga ya sa, ya kai likita ya duba gindin hular, ko a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko wani asibitin haƙori, tun ciwo bai kai ga jijiya ba.

Zinariya ta masu hali ce. Abin da ya ceci haƙoran talakawan duniya fiye da shekara 150 shi ne cikon azurfa, wanda likitoci ke kira amalgam. Garin azurfa ne da kuza, irin wadda aka yi ta haƙa a Jos, da jan ƙarfe, a kwaɓa da zaiba, wadda ita ce wajen rabin nauyinsa. Da fari yana da taushi kamar tuwo, a danna shi cikin kogo, kafin kwana guda ya zama dutse. An kai shi Amurka a 1833, likitoci suka yi ta jayayya a kansa, har G. V. Black ya daidaita awonsa wajen 1895. Yana da arha, yana da ƙarfi, yakan yi shekara goma ko fiye a turmi. Aibinsa shi ne baƙi ne, kuma ba ya manne wa haƙori, sai an sassaƙa kogon ciki ya fi baki faɗi don kada ya fita. In kuma ya taɓa hular zinariya, miyau na tsakani, sai su zama kamar batir ɗin tocila, mutum ya ji wani ɗan fizga a haƙori.

Zaibar nan ce ta jawo masa baƙin jini. A 1956 aka gano wata mummunar cuta a garin Minamata na Japan, inda wata masana'anta ke zub da zaiba a teku, mutane suka ci kifi suka shanye. Da sunan garin aka ƙulla yarjejeniyar duniya a 2013 don rage aiki da zaiba, Nijeriya ma tana ciki. A 2022 aka ƙara da cewa a guji yi wa yara 'yan ƙasa da shekara 15 da masu ciki da masu shayarwa wannan ciko, Tarayyar Turai kuwa ta hana shi tun farkon 2025, sai inda likita ya ga ba makawa. Amma kada wanda ke da shi a baki ya firgita. Babbar damuwar ita ce ragowar da ke bin magudanar asibiti ta shiga ruwa da ƙasa. Cikon da ke zaune lafiya ba a so a tone shi haka kawai, gama tonon ne ke ta da tururin zaibar, ya kuma ci wani sashen haƙorin.

Wanda ya gaje shi shi ne farin ciko, watau wata irin roba da aka cakuɗa da garin gilashi mai laushi ƙwarai. Buonocore ne ya gano a 1955 cewa in an shafa wa ɓawon haƙori ruwan tsami na 'yan daƙiƙu yakan yi kaushi, roba ta kama shi, Bowen kuma ya fito da robar da ta dace a 1962. Likita yakan zaɓi launi daidai da na maƙwabtan haƙorin, ya sa kaɗan kaɗan, yana haska masa shuɗiyar fitila har ya daskare. Dalilin sa shi kaɗan kaɗan, shi ma yana ja kamar yadi, wajen kashi 2 zuwa 3 cikin 100, sa'ad da yake daskarewa. Ba ya son miyau ko kaɗan lokacin sawa, kuma masu cin goro su sani yana rina.

Akwai wani siminti da ya fi burge ni, ko da yake bai kai waɗancan ƙarfi ba. Wilson da Kent suka fito da shi a Ingila wajen 1972, garin gilashi ne da ruwan tsami. Yana kama haƙori da kansa, yana kuma tsatso fuloraid a hankali, sinadarin da ke ƙarfafa ɓawo. A Tanzaniya, cikin shekarun 1980, aka gwada ƙwaƙule ruɓar da ɗan cokalin ƙarfe a danna simintin da yatsa, ba injin, ba lantarki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magunguna na tilas a 2021. Ku dubi makarantun ƙauye inda za a tura yawancinmu, ku ga ko akwai ciko da ya fi wannan dacewa da su. Ko kanumfarin da ake aunawa a kasuwar Sabon Gari yana da hannu a wannan sana'a: mansa ake kwaɓawa da wani farin garin tutiya a yi cikon wucin gadi, ƙamshinsa ne ke tarye mutum a ɗakin likitan haƙori. Tsofaffi da ke danna kanumfari a haƙori mai ciwo ba su yi kuskure ba, sai dai yana kwantar da zogi ne, ba ya toshe kogo.

In haƙori ya fita ɗungum, sai maganar cike giɓi. Turawan da sun sassaƙa haƙora da hauren giwa da haƙorin dorina, har na George Washington akwai na dorina a ciki, sun kuma ciro na sojojin da suka mutu a Watalu a 1815. Duk waɗannan suna ruɓa su yi wari. Aka koma tangaran, wanda ba ya rina amma yana fashewa kamar kofin shayi, sa'an nan daga wajen 1937 aka sami roba mai launin dasashi wadda ake yin haƙoran cirewa da ita har yau. Kwaɓin da ake ɗaukar siffar baki da shi kuwa daga ciyawar teku ake samo shi.

Na bayan nan shi ne dashe. A 1952 wani likitan Suwidin, Branemark, ya sa ɗan ƙarfen titaniyum a ƙashin ƙafar zomo don binciken gudanar jini, da ya zo cirewa sai ya tarar ƙashin ya kama shi gam. A 1965 ya dasa wa mutum na farko irin wannan ƙusa a muƙamuƙi. Akan bar ta 'yan watanni ƙashi ya riƙe ta, kana a ɗora haƙorin tangaran a kai. Tana da tsada, tana kuma bukatar ƙashi mai kauri da dasashi mai tsabta, shi ya sa likita kan yi jinkirin dasa ta ga mai shan taba, ko mai ciwon sukari da bai daidaita ba.